Hoton da kuka buga na ƙwaron kurkunu ne, ba na ostrakod ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da gyara a kan ɗan labarin nan da kuka sa a shafin kimiyya, na sabon nau'in ostrakod, wata ƙanƙanuwar halittar ruwa mai ɓawo, da masana suka bayyana daga ruwan daɗi a ƙasar Tailan. Labarin kansa ba shi da aibu, hoton da aka ɗora masa ne ba nasa ba. Halittar da ke cikin hoton tana da faffaɗan gaba, jikinta na tsukewa zuwa baya, ga wutsiya mai reshe biyu, ga jakunkunan ƙwai biyu rataye hagu da dama. Wannan Cyclops ne, ƙwaron da ke ɗaukar tsutsar kurkunu. Ostrakod ko kusa ba haka yake ba, don haka ina roƙon a buga gyara.

Wani zai ce mene ne na tada jijiyar wuya a kan hoton abin da ido ma da ƙyar yake ganinsa. To, ranar da jaridar ta iso mana, wani maƙwabcina da kurkunu ya taɓa kwantarwa damina guda cur ya same ni da ita a hannu, yana tambaya ko ciwon ne zai dawo da sabon suna. Ya gane hoton sarai, domin irinsa muka riƙa nuna musu a ƙofar hakimi da bakin kasuwa. Mutanen karkararmu da wahala suka haddace wannan siffa, bai kamata a rikita musu ita ba.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne na asibiti, kuma na shiga aikin yaƙi da kurkunu tun Zamfara tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Yaran yanzu ba su san ciwon ba, alhamdu lillahi. A ƙidayar farko da aka yi ƙasa baki ɗaya a ƙarshen shekarun 1980, an samu mutum sama da 650,000 ɗauke da shi a Nijeriya. Na ƙarshe an same shi a Nuwamba 2008, kuma a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa mun rabu da shi, mu da Nijar lokaci guda. Babu allura, babu ƙwaya. Ƙyallen tace ruwa ne, da maganin Abate da ake zubawa a tafki, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a ruwan sha. Nawa aikin shi ne in ɗebo ruwan tafki kafin a zuba magani da bayan an zuba, in sa a madubin ƙara girma in ga ko ƙwarin sun mutu. A nan na saba da ostrakod, don kusan kowace kwalba ka ɗebo, in laka ta biyo ruwan, za ka tarar da shi a ƙasa yana harkar gabansa. Ba ruwansa da kurkunu. Sha'awa ce kawai ta sa na ci gaba da bibiyarsa har bayan na yi ritaya.

Bambance su ba ya buƙatar digiri. A zuba ruwan a farin faranti a rana. Ƙwaron kurkunu tafiyarsa zabura ce, ya yi tsalle ya tsaya, ya sake yin tsalle. Ostrakod kuwa, in ka gan shi sai ka ce ƙwayar riɗi ce ta yi rai: ko dai yana sulalawa cikin ruwa yana ɗan rangaji, ko yana rarrafe a ƙasan farantin. Taɓa shi da tsinke, sai ya janye komai nasa ciki, ya rufe ɓawonsa, ya nutse. Ƙwaron kurkunu ba shi da ɓawon da zai shige. Abin da ya haɗa su, dukansu dangin jatan lande da ƙaguwa ne, kuma kowanne ido ɗaya gare shi a tsakiyar gaba. Wannan ido ɗaya ya taɓa ruɗin manya ma. Linnaeus, mutumin Suwidin da ya kafa tsarin sunayen halittu da ake bi har yau, tara su ya yi cikin rukuni guda da ya kira Monoculus, sai a 1776 wani ɗan Denmak, O. F. Müller, ya ware ostrakod a jinsin Cypris daban. Ke nan mai zaɓar muku hoto ya yi abokan kuskure na girma, sai dai su an gyara musu tun shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce.

Tunda labarinku bai faɗi yadda halittar take ba, bari in ɗan cike giɓin, domin sai an san ginin jikinta za a fahimci abin da ake nufi in an ce an gano sabon nau'i.

Galibin ostrakod na ruwan daɗi tsawonsu tsakanin rabin milimita ne zuwa milimita biyu. Babbansu, Megalocypris princeps na Afirka ta Kudu, ya kusa milimita 8. Jikin duka yana cikin ɓawo mai ɓari biyu, na hagu da na dama, haɗe ta gadon baya, buɗe ta ciki. Ɓawon da sinadarin katantanwa aka yi shi, shi ya sa in dabbar ta mutu yakan daɗe a laka bai ruɓe ba. Akwai tsoka da ta ratsa jikin daga ɓari zuwa ɓari, ita ke rufe shi, kuma inda ta kama ɓawon takan bar tabo. Wannan tabo shi ne farkon abin da mai sani yake nema. In tabban huɗu ne jere tsaye ɗaya kan ɗaya, dangi guda ne. In sun kewaye wuri ɗaya suna fuskantar tsakiya, dangin Darwinulidae ne. In sun taru a dunƙule, wasu manya wasu ƙanana, to babban dangin nan ne na Cypris da ya cika tafkunanmu.

A cikin ɓawon kuma akwai gaɓoɓi bakwai-bakwai, hagu da dama, kowanne da aikinsa. Ƙaho na farko da na biyu su ne na ji da na iyo. A kan na biyun akwai wasu dogayen gasu, kuma tsawonsu yana gaya maka rayuwar dabbar: in sun zarce bakin farata, mai iyo ce, in gajeru ne ko babu su sam, mai rarrafe ce a laka. Sai muƙamuƙi mai haƙora. Sai gaɓar da ke tura abinci baki, wadda ke ɗauke da wani falle mai gashi da ba ya daina kaɗawa, yana sabunta ruwan cikin ɓawon, domin ta fatar jiki dabbar take shaƙar iska. Na ruwan daɗi ba su da zuciya ma. Sai ƙafafu uku: ta farko tana taimaka wa baki, ta biyu doguwa mai farce ɗaya ita ce ta tafiya, ta ukun kuwa lanƙwashe take ta koma sama cikin ɓawon, da ɗan hantsaki a bakinta a wasu dangin, aikinta share datti daga ciki. A can ƙarshe akwai reshen wutsiya biyu. Duk wannan cikin abin da bai kai milimita biyu ba. Ikon Allah sai kallo.

Ba kuma rana ɗaya yake samun waɗannan ba. Saɓa yake yi, ya yar da tsohon ɓawo ya yi sabo. A dangin Cypris matakai takwas yake bi na ƙuruciya, na tara shi ne balaga, kuma gaɓoɓin suna ƙaruwa ne mataki bayan mataki. Shi ya sa ba a raɗa wa nau'i suna da ɗan yaro. Wanda bai san haka ba zai ɗebo tafki ɗaya ya ƙirga “nau'i” biyar, alhali uwa ce da 'ya'yanta.

Nan ne maganar da ta fi damuna. Labarin irin naku yakan sa mai karatu ya ɗauka wani ne ya leƙa ruwa, ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya ɗauki hoto, shi ke nan. Kama da wane ba ta wane. Ɓawon ostrakod yakan yi kama da na wani nau'i da ba su haɗa komai ba, kuma nau'i ɗaya yakan canja girma da launi daga tafki zuwa tafki. Ga misali ɗaya da ya ishi mai hankali. Jinsin Heterocypris da na Hemicypris, in ka kalle su ta gefe, sai ka rantse abu ɗaya ne. Amma a Heterocypris ɓarin hagu ne ke rufe na dama, kuma ƙananan ƙuraje suna jere a bakin na dama. A Hemicypris akasin haka ne, na dama ke rufe na hagu, ƙurajen suna bakin na hagu. Wanda bai raba ɓarin biyu ya kwantar da kowanne daban ba, ba zai gani ba. Haka Strandesia da danginta, ana gane su ne da wata 'yar madauki a gindin reshen wutsiya, can cikin jiki. Cypridopsis da danginta kuwa reshen wutsiyarsu ya ƙanƙance ya zama siririn zare.

Saboda haka sai an feɗe. Ana ajiye dabbar a barasar gwaji, a ɗauko ta a sa cikin ɗigon gilisarin, sannan da siraran allurai biyu, ido na kan madubi, a buɗe ɓawon ba tare da an fasa shi ba. A ajiye ɓarin biyu a bushe. A cire gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a shimfiɗa a gilashi a rufe. A zana kowanne da hannu, a ƙirga gasun da ke kowace gaɓa, a auna tsawon wannan farce a kan wancan. Ɓawon a kai shi madubin lantarki ya fito da ramukansa da bakinsa. Sannan aikin da ya fi cin rai: a gwada da duk abin da aka taɓa rubutawa a kan dangin, har da na Jamusanci da Faransanci na ƙarni na 19, waɗanda zanensu wani lokaci ba ya nuna rabin abin da kake nema. In an tabbata babu irinsa, sai a zaɓi ɗaya a ce shi ne ma'aunin sunan, a kai shi gidan adana kayan tarihin halittu da lamba, yadda duk mai shakka zai je ya duba. Sai a buga da suna biyu na Latin bisa ƙa'idar duniya ta sunayen dabbobi. Ni dai hannuna bai taɓa kai wa ga cire ƙafa ta uku lafiya ba sai da na ɓata da yawa, kuma wanda duk ya gwada zai daina raina masu wannan sana'a.

A gafarce ni, akwai ɓangaren da ba a tsallakewa, wato na namiji. A yawancin dangin, shi ne alƙalin da ke raba nau'i da nau'i. Ƙafarsa ta farko tana da maƙata biyu na riƙe mace, ta hagu daban ta dama daban. Yana da gaban namiji biyu, kuma siffar su ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i fiye da kowace gaɓa. A dangin Cypris akwai kuma wasu bututu biyu masu tsoka da zobban ƙaya, ana kiransu da sunan masanin da ya bayyana su, Zenker, aikinsu tura maniyyi. Ƙwayar maniyyin kanta a wasu nau'in ta fi dabbar tsawo. Matsalar ita ce, a tafkuna da yawa babu namiji ko ɗaya. Matan suna yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da barbara ba, 'ya'yan kuma duk mata. To in alƙalin ba ya nan, sai a koma ga ƙirgar gashi, yanzu kuma har da gwajin ƙwayoyin gado. Da aka yi wa Eucypris virens na Turai irin wannan gwaji, wanda aka daɗe ana ɗauka nau'i ɗaya ne, sai aka tarar da layuka kusan 40 ɓoye ƙarƙashin suna guda.

Labarin da ya fi burge ni a wannan fanni na 2006 ne. Dangin Darwinulidae ƙanana ne, ba sa iyo, mace tana renon ƙwanta a ƙarshen ɓawonta. An daɗe ana kafa hujja da su cewa sun yi kimanin shekara miliyan 200 suna hayayyafa babu namiji. Sai masana uku, Robin Smith da Takahiro Kamiya da David Horne, suka bayyana sabon nau'i daga tsibirin Yakushima a kudancin Japan, suka sa masa Vestalenula cornelia. Jinsin Vestalenula ana gane shi ne da ɗan tudu a ƙasan bayan ɓarin dama da ɗan haƙori a cikin ɓarin hagu, a dabbar da tsawonta kusan rabin milimita ne. Cikin ɗaruruwan mata da suka duba, sai ga maza uku da ransu. Uku kacal, amma sun tada muhawara a kan ko mazan suna aiki ko kuwa saura ne na wani zamani. Ba da wata babbar na'ura aka gano su ba. Wani ne ya zauna ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai ce ai an riga an san duk mata ne ba.

Jerin da aka fitar a 2019 ya ƙirga nau'in ostrakod 2,330 masu rai a ruwayen da ba na teku ba. Na Afirka da ke ciki, kaso mai tsoka daga manyan tafkunan gabas ne irin su Tanganyika, da kuma Afirka ta Kudu, wato inda masu aikin suka fi zuwa. A yankinmu akwai aikin Bafaranshen nan Henri Gauthier na 1939 a kan yankin tafkin Chadi. Dubi Tailan da kuka ba da labarinta. Malama Sukonthip Savatenalinton ta Jami'ar Mahasarakham ta shafe shekaru tana bin gonakin shinkafa da tafkunan ƙasarsu, kuma a 2017 ta bayyana sabon jinsi, Siamopsis, da nau'i biyar a takarda ɗaya. Gonakin shinkafa fa. Ni da nake rubuto wannan wasiƙa, in na fita bayan gari gonakin Bakolori nake gani, ruwa kwance wata da watanni.

Ɗalibai sukan zo wurina da kundin kammala karatu a kan ƙananan halittun wani dam ko wani kogi, in duba musu. Ba zan ambaci makaranta ba. Kusan kullum in aka zo kan ostrakod layi ɗaya ne: Cypris sp., wato wani Cypris da ba a tantance nau'insa ba. In na tambayi yaro ko ya buɗe ɓawon, sai ya ce bai san ana buɗewa ba. Littafin da ya yi amfani da shi an rubuta shi ne don tafkunan Amurka ko na Ingila, ya nemi hoton da ya fi kama ya kwafe sunan. Ba laifinsa ba ne, ba a nuna masa ba. Amma ta haka sunayen da ba namu ba suke shiga takardu, wani ya kwafa daga wani, abin da ke cikin ruwan kuwa ba a san shi ba.

Kada kuma a ce aikin Turawa ne. A farkon shekarun 1950 Dakta Sanya Onabamiro, a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya bi tafkunan ƙauyukan Yamma ya nuna wane nau'in Cyclops ne ke ɗaukar kurkunu a can, ya kuma bayyana sababbin nau'i huɗu daga Nijeriya da hannunsa. Irin wannan sani ne muka taka muka yi aikinmu shekara talatin da wani abu bayan haka.

Mai tambayar amfanin ostrakod kuwa, ya je Yobe. A dausayin Kajemarum, cikin tuddan yashin Manga, masana sun haƙo laka mai ɗauke da tarihin shekara 5,500, suka tsince ɓawon ostrakod daga kowane mataki suka auna sinadaransa, domin ɓawon yana riƙe da shaidar gishirin ruwan da aka yi shi a ciki. Da wannan da sauran alamomin lakar suka nuna cewa ruwan damina ya ja baya tun kimanin shekara 4,100 da suka wuce, kuma daga wajen shekara 1,500 baya aka shiga yin fari mai ɗaukar gomman shekaru. Ke nan farin da ya faro a 1968, wanda ya cinye mana dabbobi a farkon shekarun 1970, ba shi ne na fari ba. Wannan awo ba ya yiwuwa sai an san nau'in da ake aunawa, don kowane nau'i da yadda yake ɗibar sinadari daga ruwa, in aka gauraya su lissafi ya ɓaci. Ko dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, akwai ɓawon ostrakod na teku a cikinsa, yana daga cikin shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya a wurin.

Abin da ya sa nake ganin malaman kimiyya na sakandare ma za su iya sa hannu shi ne ƙwan ostrakod ba ya mutuwa da bushewar tafki. Yana kwance a busasshiyar laka shekara da shekaru yana jiran ruwa. Masanin Norwe G. O. Sars ya yi amfani da wannan tun ƙarshen ƙarni na 19: ana aiko masa da busasshiyar laka daga Afirka ta Kudu da Ostareliya, ya jiƙa ta a ɗakinsa, abin da ya ƙyanƙyashe ya rene shi ya zana ya ba shi suna. Mu lakar tana bakin ƙofarmu. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da kududdufi ya tsattsage, a kankaro saman lakar, kaurin yatsa ya isa, a rubuta sunan wurin da kwanan wata a jikin ledar. A zuba cokali biyu a kwalba mai faɗin baki, a cika da ruwan sama ko ruwan rijiya da aka tace, ban da na famfo mai sinadarin kulorin. A ajiye inda akwai haske amma ba cikin rana tsaka ba, a rufe da ƙyalle saboda sauro. Cikin mako biyu zuwa uku za a fara ganin motsi a ƙasa. A bar su su balaga kafin a tsince su da bututun ɗiga magani a sa a barasar gwaji, a raba na kowane tafki daban. A gaya wa yara ruwan kwalbar ba na sha ba ne, su kuma wanke hannu in sun gama.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Talata Mafara, jihar Zamfara.